Mutum da wiwinsa a cikin gidansa: a ƙyale shi ko a ɗaure shi?

Baban Sadiq (Johannesburg): Assalamu alaikum. Ina yawan jin 'yan gida suna cewa wai Afirka ta Kudu ta halatta wiwi, kowa na busawa a titi. Ni da nake zaune a nan ina so in faɗi yadda abin yake, domin ba haka ba ne. Ranar 18 ga Satumba 2018 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke hukunci, alƙalan duka bakinsu ɗaya, Mai shari'a Raymond Zondo ne ya rubuta shi, cewa baligi yana iya shan wiwi, ya ajiye ta, ya kuma shuka ta don amfanin kansa, matuƙar a keɓe yake yi. Hujjarsu ita ce 'yancin sirri da kundin tsarin mulkinsu ya ba kowa. Sayarwa har gobe laifi ce. Sha a bainar jama'a laifi ne, haka sha a gaban yara ko a gaban wanda bai amince ba. Kotun ta ba majalisa wata 24 ta gyara doka, majalisa ta yi ta jan ƙafa, sai ranar 28 ga Mayu 2024 Shugaba Ramaphosa ya sa hannu, ana gobe zaɓe.

Wanda ya ja shari'ar shekara da shekaru wani ɗan Rasta ne, Gareth Prince, da ya karanta lauya aka hana shi shiga aikin saboda an taɓa kama shi da ita. A 2002 wannan kotun dai ta ba shi rashin gaskiya, bayan shekara 16 ta juya.

Ni ba na sha, kuma ina da yara a ƙasar nan, warin abin idan ya shigo ta taga raina ɓaci yake. Amma kamun samari a kan ƙulli ɗaya ya ragu, wannan ma na gani. Shi ya sa nake tambaya: yaron da aka samu da ƙulli ɗaya a aljihu, gidan yari ne maganinsa?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, don Allah kar ma a fara. Wanda bai taɓa kwana gida ɗaya da mai shan abin nan ba, shi ne zai zauna yana lissafin sirri da bainar jama'a. Ƙanena da muke ciki ɗaya, yaro mai ƙoƙari, ya fara sha tun yana sakandare. Bai cika ashirin ba ya fara magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta sun sa masa na'ura a ɗaki, ya daina cin abincin mahaifiyarmu wai da guba a ciki. Har yau muna kai shi asibiti karɓar magani. A ɓoye yake sha, a ɗakinsa, ba wanda ya gani. To wannan sirrin da ake cewa nasa ne shi kaɗai, gida guda muka ɗauke shi. Tsohuwarmu hawan jini ya kama ta a dalilinsa.

Malam Na Zaure: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, ya saka muku da haƙurin da kuke yi. Abu ɗaya nake so ya tsaya kafin a yi nisa: haramun ce. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Ya kuma ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kotun wata ƙasa ba ta halatta abin da Allah ya haramta.

Baban Sadiq (Johannesburg): Allah gafarta Malam, babu jayayya a nan ko kaɗan. Ban tambayi halal ko haram ba. Giya ma haramun ce, amma a Legas ko Abuja ba a ɗaure mutum shekara 15 don an ga kwalba a firjinsa. Hukuncin hukuma nake tambaya a kai.

Lauyan Talaka: Tunda an ambaci shekara 15, bari in faɗi daga inda ta fito, don mutane da yawa ba su san girman abin da ke wuyan 'ya'yansu ba. Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 48 ta 1989, a sashe na 19 ta ce wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta ba bisa izini ba, ɗaurinsa kada ya gaza shekara 15, kada ya wuce 25. Kotuna suna sa wiwi a cikin "makamantanta". Wanda ya shuka kuwa, sashe na 11 ya ce ɗaurin rai da rai. Tushe ɗaya a bayan ɗaki da gona mai eka goma a dajin Ondo, a rubuce sashe ɗaya ne ya kama su.

Babbar matsalar a wurina ita ce dokar ba ta sa awo ba. Ba ta ce daga giram kaza zuwa ƙasa mai sha ne, daga nan zuwa sama dila ne ba. A aikace alƙalan Babbar Kotun Tarayya sukan sassauta wa wanda ya amsa laifi, musamman in karon farko ne, wani ma a ba shi zaɓin tara. Amma kafin a kai ga alƙalin fa? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu zaman jiran shari'a suke yi. Yaro ya shiga da ƙulli biyu, ya yi watanni ɗaki ɗaya da 'yan fashi, ya fito da abokai da sana'ar da bai shiga da su ba. Na tsaya wa irin waɗannan yara, ban ga wanda ya fito ya fi yadda ya shiga ba.

Alhaji Dattijo: Barista, tsananin ai ba yau aka fara ba, mu da muka manyanta mun ga abin. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta kafa dokar wiwi: wanda ya shuka, kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda ya sha ko aka samu da ita shekara 10. A 1975 aka sassauta, aka cire kisan. Zamanin Buhari da Idiagbon aka dawo da zafi, har a Afrilun 1985 aka harbe samari uku a Legas kan safarar hodar iblis, ƙasa ta ɗauki zafi. To bayan duk wannan ina muke? Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye a Nijeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Lokacin ƙuruciyarmu mai shan wiwi a unguwa sananne ne, ana nuna shi da baki. Yanzu fa? Ban ce a saki abin ba, Allah ya kiyaye. Amma duk wanda ya ce ƙarin shekarun ɗauri ne zai kashe ta, ya gaya mini me ya hana kisa ya kashe ta a 1966.

Ɗan Ƙofa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni saurayi ne, a cikinsu nake zaune, bari in faɗi abin da manya ba sa gani. Dokar nan ba kowa take kamawa ba. Ɗan mai kuɗi yana shan lawud, wadda ake shigowa da ita daga waje mai tsadar gaske, a cikin mota mai baƙin gilashi ko a gidan da ke da maigadi. Wa zai shiga? Wanda ake kwashewa shi ne wanda ke kango, ko bayan makaranta, ko bakin kududdufi, saboda ba shi da ɗakin kansa. In an kama shi kuma, mai ɗan hali a gida zai fito kafin magariba, marar gata shi ne zai ga kotu. Sannan lokacin zaɓe duk mun san su wa ke sayen kayan mayen buhu-buhu suna raba wa 'yan daba. Ba a taɓa kama ko ɗaya a cikinsu ba a unguwarmu.

Malama Mai Alli: Maganar Ɗan Ƙofa ce ta kawo ni, domin ita ce ta sa nake ganin dokar Afirka ta Kudu ba za ta zauna a wurinmu ba, ko da a ce addini bai yi magana ba. An gina ta ne a kan mutum ɗaya, da ɗakinsa, da ƙofarsa a rufe. Ku dubi gidan Bahaushe. Tsakar gida ɗaya, mata biyu ko uku, yara goma sha, ƙannen maigida a shagon ƙofar gida, almajirai a zaure, maƙwabciya ta shigo aron turmi ba sai ta jira izini ba. A gidan haya kuwa ɗaki goma ne, banɗaki ɗaya. Ina keɓewar take? Idan aka ce saurayi ya shuka tushe biyu a gida, a ina zai shuka in ba kusa da inda ake shanya da inda yara ke wasan 'yar carafke ba? Ni malamar firamare ce, na san abin da yaro ɗan shekara tara ke kwaikwaya daga yayansa. Ba sai an ba shi ba, gani kawai ya isa.

Kuma ku lura, irin wannan doka mai katanga take yi wa aiki. Wanda dama ba a kama shi, shi za ta ƙara wa kwanciyar hankali. Yaron kango yana nan a kangonsa, kuma kango bainar jama'a ne, za a ci gaba da kwashe shi kamar jiya.

Baban Sadiq (Johannesburg): Malama, wallahi kin taɓo inda ke yi wa mutanen nan ƙaiƙayi. Unguwar Sandton ta attajirai da Alexandra ta talakawa babbar hanya ce kawai ta raba su. A Sandton mutum na da lambu da katanga mai wayar lantarki. A Alexandra iyali guda na cikin ɗakin kwano ɗaya, in ka fito ƙofa ka fito titi. Kuma akwai wani giɓin: an ce ka sha, amma ba a ce ka saya ba. Wanda ba shi da wurin shuka dole ya koma wurin dila, dilan kuma mai laifi ne. Manoman karkara na yankin Pondoland a Gabashin Cape, waɗanda suka gaji noman nan kaka da kakanni, har yanzu ba su da halastacciyar kasuwa.

Lauyan Talaka: Ƙarin bayani kaɗan, Malama. Kotun da ta fara yanke hukuncin a 2017 a Cape Town ta taƙaita shi ga cikin gida. Kotun Tsarin Mulki ta faɗaɗa, ta ce a keɓe, ko ba a gida ba, har abin da ke aljihunka in don kanka ne. Sai dai ba ta faɗi adadi ba, ta bar wa ɗan sanda ya duba ya gane ko na sha ne ko na sayarwa. Kin ga an koma hannun ɗan sanda ke nan, kuma mun san wanda ɗan sanda ke yi wa kyakkyawan zato. Mu ma sashe na 37 na kundinmu ya ba da 'yancin sirrin gida, amma ban ga alamar kotunanmu za su karanta shi yadda na can suka karanta nasu ba.

Ɗaliba a Jamus: Ina wuni iyayena da yayyena. A nan Jamus sun sa awon da Barista ke magana. Daga 1 ga Afrilu 2024 wanda ya kai 18 zai iya riƙe giram 25 a waje, giram 50 a gida, ya shuka tushe 3. Dole ya killace su inda yaro ba zai kai ba, kuma ba a yarda ya ba kowa ba, ko kyauta. Ba a sha kusa da makaranta ko filin wasan yara, tazarar mita 100, ba a sha a titunan masu tafiya a ƙasa daga bakwai na safe zuwa takwas na dare. Shaguna ba sa sayarwa. Daga Yulin 2024 aka yarda a kafa kulob na masu noma tare, kada mambobi su wuce 500. 'Yan shekara 18 zuwa 21 giram 30 kawai ake ba su a wata, kuma mai rangwamen ƙarfi.

Ko a nan ba a haɗu a kai ba, ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi adawa, jam'iyyun CDU da CSU ma haka. Abin da nake so a gane shi ne, duk waɗannan ƙa'idojin suna tafiya ne saboda kowa na da rajistar inda yake zaune, kowa na da inshorar lafiya, in yaro ya rikice akwai gadon asibiti. In aka ɗauko giram 25 ɗin aka baro sauran, ba dokar Jamus aka ɗauko ba.

Abu Mujahid: Ni fa ban gane inda aka dosa ba. Daga Afirka ta Kudu an tafi Jamus, gobe a ce Kanada. Haka ake fara shigo da ɓarna, a hankali, da sunan tattaunawa. Wannan ajandar Turawa ce, su lalata mana matasa. Admin ya kamata a rufe zancen nan.

Admin: Malam Abu Mujahid, ba wanda ya ce a sha, ba wanda ya tallata. Ana maganar doka ne da abin da take yi wa 'ya'yanmu. A ci gaba, amma ban da zargin juna.

Ɗan Zango (Kumasi): Yaya Abu Mujahid, haramcin na hukuma ma ai daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ƙasashenmu suka ɗauko tsarinsa, ba daga littafin fiƙihu ba. Kuma ba sai an je Turai ba, ga mu nan Ghana kusa da ku. A 2020 majalisarmu ta yi sabuwar dokar miyagun ƙwayoyi. Ba ta halatta sha ba. Abin da ta yi, wanda aka kama da ita don shan kansa, maimakon ɗauri sai tara, sidi 2,400 zuwa 6,000. Ta kuma ba da damar noman irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, da lasisi. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashen a 2022 saboda majalisa ba ta bi ƙa'idar muhawara ba, a 2023 majalisa ta sake zama ta mayar da shi.

Amma ga inda gizo ke saƙar: wanda ya kasa biyan tarar gidan yari zai tafi. Yaron zango da ke tura baro a kasuwar Kejetia ina zai samo sidi 2,400? Ka ga an dawo maganar Malama, mai shi ya biya ya tafi gida, marar shi ya shiga ciki.

Anti Nas: Na daɗe ina karantawa, aikina a ɓangaren masu taɓin hankali yake, bari in sa baki. Masu cewa ganye ne kawai, Allah ne ya halitta, su zo su kwana ɗaya a wurin aikinmu. Gaskiya ne ba duk mai sha ke haukacewa ba, da yawa ba sa yi. Amma abu uku ke ƙara haɗarin: fara sha da ƙuruciya, sha kullum, da shan mai ƙarfi. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a birane na Turai da Brazil, ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kusan sau uku wajen kamuwa da ciwon rikicewar hankali, in mai ƙarfin ce kuwa kusan sau biyar. Cikin masu sha, kusan ɗaya cikin goma kan kamu har ya kasa bari, in tun yana yaro ya fara abin ya kai ɗaya cikin shida.

Kuma yaranmu ba wiwi zalla suke sha ba. Ana haɗawa da tiramol, da kodin, da sholisho, ga kuma wadda suke kira kolos, ganye ne da ake fesa wa sinadari, ba ma wiwi ba ce ta gaskiya, ita ce ke sa ka ga yaro yana birgima a kwata.

Duk da haka, tsoron kamu yana hana mu aiki. Uwa za ta ɓoye ɗanta shekara biyu tana kai shi wurin masu ruƙiyya da masu turare, ba za ta faɗa wa likita yana sha ba, don tana tsoron maganar ta kai ga hukuma ko ta fita unguwa a ƙi auren ƙannensa. Kafin ya iso hannunmu abin ya yi nisa. Wasu kuma gidan mari ake kai su. Kun tuna abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, saboda ba su ga wata ƙofa ba.

Malam Na Zaure: Tunda magana ta zo nan, akwai abin da amana ta sa in ƙara, kada a ɗauka shari'a ɗauri kawai ta sani. Malamai sun haɗu a kan haramcin wiwi, amma sun saɓa a kan hukuncinta. Ibn Taimiyya yana ganin a yi wa mai shanta haddin mai shan giya. Imam Ƙarafi, babban malami a mazhabarmu ta Malikiyya, ya sa ta cikin masu gurɓata hankali, ya ce hukuncinta ta'aziri ne, wato abin da alƙali ya ga zai tsawatar. Ko a ra'ayi mai tsananin, bulala ce a yi a gama, mutum ya koma cikin iyalinsa da sana'arsa. Ban san malamin da ya ce a raba mutum da matarsa da 'ya'yansa shekara 15 a kan abin da ya sha ba.

Sannan Allah ya ce a cikin Suratul Hujurat kada ku yi bincike a kan asirin juna. Wanda ya rufe ƙofarsa ya yi saɓo, ba a ba hukuma ta haura katanga ta leƙa shi ba. Amma a kula, rashin leƙe daban, a ce masa yana da haƙƙi daban. Na farkon sutura ce, ana fatan ya tuba. Na biyun izini ne, kuma shi ne ba za mu taɓa sa hannu a kai ba. Wanda ya fito da ita fili, ko ya sayar wa 'ya'yan mutane, wannan ya yaye wa kansa suturar.

Abu Mujahid: Allah gafarta Malam, wannan bayanin na karɓa. Tsorona dai kada a buɗe ƙofa kaɗan a kasa rufewa.

Ɗaliba a Jamus: Tsoron nan yana da tushe, Yaya. Thailand ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Yunin 2022 ba tare da ta gama tsara doka ba, shaguna dubbai suka buɗe cikin ɗan lokaci. A 2025 gwamnati ta dawo ta ce sai da takardar likita. Uruguay kuwa da ta riga kowa a 2013, zamanin Shugaba Mujica, sai da ta yi rajistar masu sha, ta ƙayyade tushe 6 a gida ko giram 40 a wata daga kantin magani, kuma ba ta fara sayarwar ba sai 2017.

Alhaji Dattijo: Ni abin da ke ba ni tsoro a ƙasarmu kuɗin ne. Marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo har Thailand ya je a 2019 yana neman a yarda a noma ta don magani da fitarwa waje. Shugaban NDLEA Buba Marwa ya tsaya a kan ba za a halatta ba. In wata rana aka yarda da noman lasisi, ku rubuta ku ajiye, manya ne za su karɓi lasisin. Sai a wayi gari mai gona eka ɗari yana fitarwa waje ana kiransa mai zuba jari, yaron da ya sayi ƙullin naira ɗari biyu yana Kurmawa. Maroko ta halatta noman don magani a 2021, amma sai a 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa ƙananan manoma sama da 4,800 afuwa. Shekara uku suna da laifi a kan abin da kamfani ke yi da izini.

Lauyan Talaka: Shi ya sa ni ban nemi a kwaikwayi Afirka ta Kudu ko Jamus ba. Shuka a gida, ina tare da Malama, gidajenmu ba su dace da ita ba. Abin da nake nema ƙarami ne kuma ana iya yinsa gobe in majalisa ta so. A bar haramcin yadda yake. A sa awo a doka, a raba mai sha da dila. Wanda aka kama da abin da bai kai awon ba, kada a kai shi gidan yari ko na kwana ɗaya, a tura shi wurin masu ba da shawara da magani, da sa hannun iyaye ko mai unguwa, kuma kada a rubuta masa tarihin laifi da zai hana shi aiki har abada. Kada a sa tara mai nauyi, mun ji abin da ta yi a Ghana. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun riga sun tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Ƙarfin da ake kashewa wajen farautar yaran kango a juya shi kan masu tirela da masu gonakin daji da masu raba wa 'yan daba.

Malama Mai Alli: Barista, na yarda da rabin maganarka. Inda nake da ja shi ne "a tura shi wurin magani". Wane wurin? Jiha guda mai mutum miliyan goma sai ka samu asibitin ƙwaƙwalwa ɗaya, likitocin ba su cika hannu ba. In aka canza doka ba a gina wuraren ba, yaro zai dawo unguwa washegari ya gaya wa abokansa ai yanzu ba a ɗaurewa. Ni a fara gina wurin, sannan a taɓa dokar.

Lauyan Talaka: Malama, kuɗin ciyar da shi a gidan yari ai ana kashewa yanzu haka. In muka ce sai an gama gini, yaran da ke ciki yau za su tsufa a can. A yi su tare.

Maman Ummi: Na karanta duka. Har yanzu ban yarda a ce wa kowa ya shuka ko ya ajiye ba, ko tushe ɗaya ne, kuma wanda ya fara sayar wa ƙanena in da hali a ɗaure shi ya daɗe. Amma da a lokacin an kama ƙanen nawa an kai shi gidan yari, na san da ba mu same shi da rai ba, domin a lokacin ko sunansa wani sa'in ba ya amsawa. Anti Nas, tambaya gare ki. Ɗan maƙwabciyata ya fara irin alamun da na gani a gidanmu, ba ya barci, yana dariya shi kaɗai, uwar tana ta ɓoyewa, mijinta kuma yana maganar a kai shi gidan mari. Me zan ce mata?

Anti Nas: Hajiya, ki ce mata kada ta jira ya fara duka ko fashe-fashe, kuma kada a kai shi inda za a sa masa mari. Su je asibitin gwamnati mafi kusa su nemi ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, in babu za a tura su inda yake. Ta faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, da tun yaushe, da ko yana haɗawa da ƙwaya, domin maganin ya danganta da wannan, kuma aikin likita ne ya riƙe sirrin marar lafiya. Su tafi da namiji babba wanda yaron ke jin nauyinsa, kawu ko yaya, kada a taru a kansa ana faɗa. In an ba shi magani kada a daina don an ga ya warware, yawancin waɗanda ke dawo mana a rikice daina shan maganin suka yi. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da yi a gida, ba sa hana allura. In uwar tana jin kunyar zuwa, ki raka ta ranar farko, tunda ke kin san hanya.